Yaushe Tsayi Yake Zama Ciwo?

Da wuya a sami ajin da babu wanda ake kira "Dogo" a cikinsa. Yawanci tsayi gado ne, ba abin damuwa ba. Amma akwai tsayin da alamar ciwo ne, kuma likita ne kaɗai zai iya rarrabewa. Ga yadda yake yi.

Da farko, awo. Sulemana Abdul Samed, mutumin Gambaga a arewacin Ghana, wanda ake wa laƙabi da "Awuche", ya ga illar kintace. Wani asibitin karkara ya ƙiyasta tsayinsa santimita 289, saboda ma'auninsu bai kai ba. Da wakilin BBC ya auna shi a jikin bango, kamar yadda aka ruwaito a farkon 2023, sai aka sami 223. Ashe bai kai Sultan Kösen na Turkiyya ba, mai santimita 251. Shi ya sa likita ke auna yaro ba takalmi, ya sake aunawa bayan watanni don ya ga saurin girmansa.

Na biyu, tsayin iyaye. A haɗa na uba da na uwa, a ƙara 13 idan namiji ne, a cire 13 idan mace ce, a raba biyu. Misali, uba 175, uwa 163: ana sa ran ɗansu ya tsaya kusa da 175, 'yarsu kusa da 162. Wanda ya zarce wannan da nisa, sai a zurfafa bincike.

Na uku, gwaje-gwaje. Hoton ƙashin hannun hagu yana nuna ko saura nawa ƙashi ya daina tsawo. Gwajin jini yana nuna ko sinadarin girma ya yi yawa. Wata 'yar ƙwaya mai girman wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ce ke fitar da shi. Idan ƙari ya fito mata, sai ta yi ta zubo shi ba ƙaƙƙautawa. Hoton MRI ne ke gano ƙarin, kuma ana magance shi da tiyata ko magani. Akwai kuma ciwon Marfan, wanda ake gado: dogayen yatsu, raunin gani, kuma idan mutum ya buɗe hannuwansa faɗinsu ya fi tsayinsa. Haɗarinsa yana ga babbar jijiyar zuciya, don haka ake ɗaukar hoton zuciyar.

'Yan uwa ɗalibai da malamai, idan tsayi ya zo da yawan ciwon kai, raguwar gani, yawan gumi, ko tafin hannu da ƙafa suna ta girma fiye da kima, a sanar da iyaye. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika, ba nisa da Samaru. A je da wuri, domin magani yana tsayar da girma, amma ba ya rage tsayin da aka riga aka yi.

Kafin nan, a daina tsokanar Dogo.