Li, Jarumar da Ta Ƙi Zaman Jira

A shekarar 1984, Zaynab Alkali, haifaffiyar yankin Biu, ta fitar da labarinta na Turanci, The Stillborn. Jarumarsa Li ta auri Habu Adams, ya tafi birni ya bar ta shekaru tana zaman jira a gidan mahaifinta. Yayarta Awa ta haƙura da miji mashayi, ƙawarta Faku kuwa ta shiga gidan Garba a matsayin kishiya, ta fito a wulaƙance. Li ce ta koma makaranta ta zama malama, kuma a ganina nan turjiyarta take: ta daina jiran namiji ya faɗa mata ko ita wace ce.

Wasu za su ce wannan aƙidar Turawa ce, tunda da harshensu aka rubuta. Amma wace unguwa ce a Potiskum ba ta san matar da miji ya tafi neman kuɗi ya yi shiru ba? Wasu kuma na ganin Li ta miƙa wuya da ta yanke shawarar komawa wajen Habu bayan haɗari ya nakasa shi. Ban yarda ba. Da aikinta a hannu ta yanke shawarar, kuma a wannan karon Habu ne ke buƙatarta.