Kyankyaso da Ɗan Haya

Daga cikin musibun da ke tattare da zaman gidan haya a manyan biranenmu, irin su Kano da Kaduna da Zariya, waɗanda mutum ba ya ganinsu ranar da dillali ya zagaya da shi yana yaba masa sabon fenti da faɗin falo, babu wadda ta kai kyankyaso naci da tozarta mai ɗaki. Domin kuɗin haya sau ɗaya ake nemansa a shekara, yoyon rufi kuma sai da damina, amma shi wannan ƙwaro kullum dare ya raba yana nan tafe, ya bi kwanuka, ya leƙa tukunya, ya ɓata littafi da tufa, har wani lokaci ya faɗo wa baƙo a jiki ana tsakiyar gaisawa. Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi kuwa shi ne kunya. Uwargida ta gwammace ta sayo magani a ɓoye, ta fesa a ɓoye, ta share gawarwaki tun kafin gari ya waye, da a ce maƙwabciyarta ta ji labari ta kira ta ƙazama, alhali kuwa ita ma maƙwabciyar abin da take yi ke nan a bayan nata labule. Wannan ɓoyewa ita ce babban gatan kyankyaso, saboda a gidan da iyali shida ko goma suke tarayya a bango ɗaya da silin ɗaya da makewayi ɗaya, ƙwaron na gida ne baki ɗaya, ba na ɗakin wani ba ne.

Masana ilmin ƙwari sun ƙididdige kyankyaso fiye da iri 4,000 a duniya, mafi yawansu a daji suke, babu ruwansu da ɗan Adam. Kimanin iri 30 ne kacal suke raɓar gidaje, biyu daga ciki kuma su ne suka fi addabar ɗan haya, kuma wajibi ne ya bambance su tun da farko, don kuwa maganin ɗaya ba shi ne maganin ɗaya ba. Na farko shi ne babban nan ja, mai tsawon kimanin santimita 4, wanda yakan buɗe fiffike ya tashi idan zafi ya tsananta. Turawa suna danganta shi da Amurka, amma asalinsa Afirka ne, jiragen ruwa ne suka tsallaka da shi can tun wajen shekarar 1625. Mazauninsa masai ne da sokawe da lambatu, daga can yake hawowa da dare ta bakin kwata da ƙarƙashin ƙofa, saboda haka shi mai shigowa ne, ana iya datse masa hanya. Na biyun shi ne ƙaramin, mai ruwan ƙasa, wanda bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, yana da layi biyu baƙaƙe a bayan kansa. Shi ake dangantawa da Jamus, sai dai wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna cewa ya samo asali ne a wajejen Indiya da Bama kimanin shekara 2,100 da suka wuce, ya kuma yo yamma zuwa ƙasashen Larabawa kimanin shekara 1,200 baya, cikin kayan fatake da guzurin rundunoni a zamanin daulolin Musulunci na farko. Wannan ba ya zaman waje ko kaɗan. A cikin ɗaki ake haihuwarsa, a nan yake mutuwa, bayan firji da cikin durowa da ramin soket, kuma macen tana ɗauke da ƙwanta 30 zuwa 40 a cikin wani ɗan kwanso mai kama da ƙwayar wake, ba ta ajiye shi sai ya kusa ƙyanƙyashewa. Cikin wata uku 'ya'yan sun isa haihuwa su ma. Wanda ya fara ganin wannan ƙaramin da rana tsaka yana yawo a bango, to, ya sani maɓoya ta cika ta batse ne har wasu suka rasa wuri.

Abu uku kyankyaso yake nema a gida, wato ruwa da abinci da maɓoya, mutane kuwa sun fi mai da hankali ga na biyu alhali na farko ya fi shi muhimmanci. Kyankyaso yana iya yin kusan wata guda bai ci komai ba matuƙar yana samun abin sha, amma idan aka hana shi ruwa, ƙaramin ba ya kai mako biyu. Ga shi kuma halin da muke ciki ya tilasta mana tara ruwa a ɗaka: famfo ba ya zuwa, sai a sayi na 'yan garuwa a cika jarka da bokiti da randa, a bar buta a bakin ƙofa, a jiƙa kwanukan tuwon dare a ce sai da safe a wanke, ƙasan randa kuma kullum a jiƙe. Duk wannan mashaya ce. Umarnin nan da ya zo a hadisi na rufe ƙorai da ɗaure bakin salka idan dare ya yi, wanda kowane almajiri ya sani, ya isa ya zama rabin maganin wannan annoba da za a bi shi sau da ƙafa, a haɗa da goge jiƙa da fitar da shara kafin a kwanta. Game da maɓoya kuwa, Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kyankyaso ma ko tsagewar kirki ba ya bukata: a 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna cewa babban nan yana iya matse jikinsa ya ratsa kafar da ba ta wuce milimita 3 ba. Inda bututun ruwa ya huda bango, da inda katakon ƙofa ya rabu da siminti, da tsofaffin kwalaye da ake tarawa a ƙarƙashin gado, nan ne fadarsa.

Cutarwarsa ba ta tsaya ga ƙyama ba. Ƙwaron da ya kwana a masai ya wayi gari a kan faifan rufe tuwo yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa a ƙafafunsa da cikinsa, wannan kowa zai iya hankalta. Abin da ba a cika sani ba shi ne alaƙarsa da asma. Kashinsa da saɓar da yake yi suna bushewa su zama ƙura, yara su shaƙa. A 1997 an buga wani bincike a kan yara 476 masu asma a unguwannin talakawa na biranen Amurka, aka tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku jikinsu ba ya jure ƙurar kyankyaso, kuma waɗanda suke da wannan lalura suna kwana a ɗakin da ƙurar ta yi yawa, an kwantar da su a asibiti fiye da ninki uku na sauran. A nan ya kamata a yi wani ɗan tsokaci, domin wani zai ce ai malamanmu na mazhabar Malikiyya sun hukunta cewa mushen abin da ba shi da jini mai gudana ba najasa ba ne. Haka ne, kuma hukuncin yana nan daram a babin tsarki. Sai dai babin tsarki yana magana ne a kan ingancin alwala da salla, bai ce a ba jariri ruwan da ƙwaron masai ya yi iyo a ciki ba.

To, idan abin ya ishi ɗan haya, abin da yakan fara yi shi ne feshi, kuma a nan ne ake tafka asara biyu, ta dukiya da ta lafiya. Feshi yana kashe wanda ya taɓa ne kawai, wato ƙalilan ɗin da suka fito fili, ya bar tarin da ke cikin tsaga, ya bar ƙwan da kwanso ya kare. Sauran kuma, da sun ji wari, sai su bi ta silin su sauka ɗakin maƙwabci, su jira mako biyu su komo. Bugu da ƙari, waɗanda suka tsira suna haifar 'ya'yan da maganin ba ya kamawa. Masana a Jami'ar Purdue sun yi wata shida suna gwaji a gidajen haya na jihohin Indiana da Illinois, suka buga sakamako a 2019 cewa ƙaramin kyankyaso yakan gaji juriya har ga magungunan da ba a taɓa fesa masa ba. Shi ya sa mutum zai ga kwalbar da ta yi aiki bara ta zama ruwa bana, sai ya ƙara yawa, ko ya koma ga abin da ya fi ƙarfi, ya sayo fiya-fiya daga mai talla ya yayyafa a ɗakin da yara za su kwana. Fiya-fiya da Sniper da danginsu sinadari ɗaya ne ke cikinsu, ana ce da shi dichlorvos, don gona da rumbu aka yi shi, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna, ko da yake mai neman sa har yau ba ya shan wahala. Wanda ya fi wannan sharri shi ne ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhunan wake da hatsi, wadda idan ta haɗu da danshi take fitar da iska mai kisa: iskar ba ta san iyakar ɗaki ba, tana ratsa silin da tsaga kamar yadda ƙwaron yake ratsawa, kuma wanda ya ajiye ta a gidan da mutane ke barci yana iya ɗaukar alhakin ran da bai taɓa yi masa laifi ba. Allin nan na kashe ƙwari da ake zana wa bango shi ma guba ne, yaro kuwa ba ya bambance shi da allin makaranta.

Abin da gwaji ya tabbatar yana aiki shi ne a bar ƙwaron ya ɗauki ajalinsa da bakinsa ya kai gida. Akwai wani magani mai danƙo da ke zuwa cikin bututu irin na sirinji, abinci ne aka cuɗa da guba mai jinkiri, ana ɗiga shi ƙanana-ƙanana a wurare masu yawa, a bakin tsaga da kusurwar durowa da bayan firji, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Hikimarsa tana cikin jinkirin: wanda ya ci ba ya faɗuwa nan take, sai ya koma maɓoya ya yi kashi ya mutu, ƙananan da ba su fara fita ba su ci kashin, wasu su ci gawar, guba ta bi su ɗaya bayan ɗaya har inda feshi ba zai taɓa isa ba. Amma yana da sharuɗɗa. Ba a fesa komai kusa da shi, don wari zai kore su daga ci. Ba a barin wani abinci a fili da zai yi masa kishiya. Kuma ana bukatar haƙurin makonni, har ƙwan da ke kwanso su ƙyanƙyashe su ma su ci. Yana da kyau a riƙa sauya iri bayan 'yan watanni, domin tun 1993 aka gano wasu kyankyasai da suka daina cin irin sukarin da ake zaƙaƙa maganin da shi, daga baya a 2013 masana a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa suka gano cewa ɗaci suke ji a bakinsu maimakon zaƙi. Hodar borik, idan an barbaɗa ta sama-sama a busasshen lungu, ita ma tana taimakawa, tana maƙale masa a ƙafa ya lashe.

Duk wannan kuwa aikin banza ne idan ɗaki ɗaya ya yi, tara suka bari. Dole wani ya cire kunya ya fara magana, mafi dacewa kuma a ce dattijon gida ne ko wadda ta fi daɗewa a cikin matan, a haɗa kuɗi a sayi magani iri ɗaya, a sa rana ɗaya, a raba aikin wanke makewayi da kwashe shara, a sa wa bakin kwata raga. Haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga miƙa kwanon abinci ranar salla ba, ya haɗa da kada ka kora wa ɗan'uwanka abin da ka ƙi wa kanka.

Saura mai gida, wanda murfin sokawe da ya fashe da bututun da ke yoyo da bangon da ya dare duk mulkinsa ne, kuma daga nan babban kyankyaso yake fitowa. Da can, zamanin En'e, 'yan duba-gari suna shiga gida-gida su leƙa randa da masai, mai gidan da aka samu da laifi ya sha tara, wannan tsoro kuma yana sa a yi gyara. Yau sun yi ƙaranci ƙwarai, ɗan haya ya zama shi ne duba-garin kansa. Ya kamata kuma ya san matsayinsa. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, ba a tilasta wa mai ba da haya yin gyara. Abin da aka ba ɗan haya shi ne zaɓi, idan aibin mai cutarwa ne kamar yoyon rufi, ya fita ko ya zauna, in kuwa ya zaɓi zama to haya ta hau kansa. Ma'anar wannan a aikace ita ce, ƙarfin ɗan haya yana hannunsa ne kafin ya biya, ba bayan ya biya ba, musamman a garuruwan da ake karɓar kuɗin shekara guda a dunƙule. Saboda haka mai neman ɗaki ya roƙi a bar shi ya koma bayan isha'i da tocila, ya duba makewayi da bayan ƙofa da kusurwoyin madafa, ya nemi baƙin ɗigo-ɗigon kashi da busassun kwanso. Abin da ya gani na gyara ya sa shi cikin sharaɗi a gaban shaidu, a rubuta, ko mai gida ya gyara kafin a tare, ko ɗan haya ya gyara a cire masa daga kuɗin. Kuma ranar ƙaura ya tuna cewa shi ma yana iya zama sanadi: kwalayen tsohon gida a bar su can, a zazzage akwatuna a shanya su a rana, a buɗe bayan firji da rediyo a kakkaɓe, domin mace ɗaya mai ɗauke da kwanso ta isa ta cika sabon gida kafin haya ta zagayo.