FADAR SARKIN SIN A TAFIN HANNU

A cikin shekara ta 649 Sarki Taizong na daular Tang ta ƙasar Sin ya rasu. Bisa ga al'adar gidan sarautar nan, duk ƙwarƙwarar da ba ta haihu da marigayi ba akan aske mata kai, a kai ta gidan ibada na mabiya addinin Buda, ta ƙare sauran kwanakinta a can. A cikin waɗanda aka kwasa har da wata mai suna Wu, 'yar shekara 25, wadda ta shiga fada tun tana da kamar shekara 14, ba ta kuwa taɓa wuce daraja ta biyar a cikin jerin matan Sarki ba. Duk wanda ya gan ta ran nan, cewa zai yi tata ta ƙare. Amma a cikin 690 ita ce ta hau gadon mulki da sunan kanta, ta karɓi laƙabin Sarkin Sarakuna, wanda babu wata mace da ta taɓa riƙewa a ƙasar Sin, ko kafinta ko bayanta. Ita ce masu tarihi ke kira Wu Zetian.

Abin da ya sa na tono wannan tsohon labari shi ne, a cikin watan Satumba na 2025 wani kamfani na ƙasar Sin mai suna New One Studio ya fito da wani wasan bidiyo da ya kira Road to Empress, wanda aka gina a kan rayuwar matar nan, kuma ana iya yinsa a kan wayar hannu ko a kan ƙaramar na'urar wasa irin Steam Deck, wadda kamfanin Valve na Amurka ya fara sayarwa a cikin 2022. Watau dai fadar da a dā ko waziri ba ya shiga cikinta sai da izini, yau ga ta a tafin hannun ɗan makaranta.

YADDA A KE YINSA

Mai karatu kada ya ɗauka wasan nan irin na zanen kwamfuta ne da yara ke tsalle-tsalle da harbe-harbe a ciki. A'a. Fim ne sosai aka ɗauka da 'yan wasan kwaikwayo, mutane masu jini a jika, sanye da tufafin siliki na zamanin dā, suna magana da harshen Sinanci, ana rubuta fassarar a ƙasan allo. Bambancinsa da fim ɗin da mu ka saba gani a telebijin guda ɗaya ne. Ana cikin tafiya sai hoto ya tsaya, a rubuto maka zaɓi biyu ko uku: ka faɗi gaskiya ko ka yi shiru, ka karɓi kyautar da aka miƙo maka ko ka ƙi, ka goyi bayan wannan yarima ko wancan. Wanda ka taɓa da yatsa, shi za a nuna maka abin da ya haifar. Wani lokaci ma ana ƙirga maka daƙiƙoƙi, don kada ka sami sararin yin dogon tunani.

Aikin da ke bayan wannan ba ƙarami ba ne. Tilas a rubuta kowane reshe na labari, a ɗauke shi da kyamara, har da rassan da yawancin masu wasa ba za su taɓa gani ba. 'Yar wasa guda takan tsaya a ɗaki guda, da sutura guda, ta yi dariyar nasara, sa'an nan a sake ɗauka ta yi kukan wadda aka yanke wa hukuncin kisa. Ƙasar Sin kuwa ta fi kowa samun sauƙin wannan aiki, domin tana da Hengdian a lardin Zhejiang, wani makeken wurin shirya finafinai da aka fara ginawa a cikin 1996, inda aka kwaikwayi fadojin sarakunan dā da soraye da lambunansu, ga kuma dubban 'yan wasa da maɗinka da masu kwalliya da su ka ƙware a kan wasannin zamanin sarauta.

Dabarar kanta ba sabuwa ba ce. A wajen babban bajekolin duniya da aka yi a birnin Montreal na Kanada a cikin 1967, mutanen Chekoslobakiya sun nuna wani fim da su ka kira Kinoautomat, wanda Radúz Činčera ya ƙago. Kowane ɗan kallo yana da maɓalli biyu a kujerarsa, ja da kore, in an zo mararraba sai a tsai da majigi a ƙirga ƙuri'a. Abin dariya a nan, ko me jama'a su ka zaɓa, ƙarshen labarin ɗaya ne: gidan da a ke magana a kansa sai ya ƙone. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa. Bayan haka an yi yayin irin waɗannan wasanni a Amurka sa'ad da faifan CD ya fito, har wani mai suna Night Trap na 1992 ya jawo zaman bincike a Majalisar Dattawa a cikin Disamba 1993, abin da ya kai ga kafa hukumar tantance wasanni bisa ga shekarun mai yi a cikin 1994. Daga nan kasuwarsu ta mutu, don hoton ba kyau, wasan kwaikwayon kuma ya fi hoton muni. Sai a 'yan shekarun nan ta farfaɗo. Shi wannan kamfani na New One Studio ya fara yin suna ne a cikin 2019 da The Invisible Guardian, labarin wani ɗan leƙen asiri a zamanin yaƙin Sin da Japan.

Na'urar hannu kuwa kamar don wannan wasa aka yi ta. Ba ya bukatar injin kwamfuta mai ƙarfi, tun da ba zane a ke yi nan take ba, hoton da aka riga aka ɗauka a ke nunawa. Ba ya bukatar saurin yatsu. An yanka shi babi-babi, mutum na iya gama guda a cikin mota ko lokacin hutun cin abinci. Illarsa dai biyu ce: bidiyo na cin wuri ƙwarai a cikin na'ura, rubutun fassara kuma a kan allo mai inci 7 yakan gajiyar da ido, balle ga wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Amma akwai wani abu da ƙaramin allo ke yi wanda babba ba ya yi. A silima kana zaune cikin taro, hoto na can nesa. A nan kuwa fuskar mai tuhumarka ba ta fi taƙi ɗaya daga taka ba, muryarsa na cikin kunnenka, babu wanda za ka waiwaya ka tambaya. Na ga kaina ina jinkirin taɓa allo kamar wanda aka miƙa wa takardar tuhuma a ofis aka ce ya ba da amsa kafin a tashi aiki.

ZAƁIN DA BA ZAƁI BA

To, a nan ne maganar ta ke. Masu tallar wasan suna cewa makomar yarinyar nan tana hannunka. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Tarihi ya riga ya wuce, kowa ya san inda Wu ta ƙare, sunan wasan ma ya faɗa. Saboda haka hanya mai ɓullewa ƙwaya ɗaya ce, sauran rassan galibi gajeru ne, mutuwa ce a ƙarshensu. Ka yi magana inda ya kamata ka yi shiru, ka mutu. Ka amince da wanda ya yi maka murmushi, ka mutu. Sai a komo da kai mararraba, ka sake lale. Gidan Činčera ne dai har yanzu, sai dai shi tilas ya ƙone, ita kuwa tilas ta hau gado.

Da farko na ɗauki wannan a kan zamba ce. Daga baya na sake ra'ayi. Littafin tarihi yakan jera abubuwa kamar dole ne su faru: ta shiga fada, Sarki ya rasu, sabon Sarki Gaozong ya komo da ita, a cikin 655 aka tuɓe uwargida Wang aka naɗa ta, Gaozong ya rasu a cikin 683, ta yi mulki a bayan 'ya'yanta, sa'an nan ta ture su ta hau. Ɗalibi ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, ba tare da ya ji a jikinsa cewa kowane mataki na iya zama na ƙarshe ba. Wanda kuwa aka kashe sau goma kafin ya ƙetare babi ɗaya, ya fahimci ƙuncin hanyar. Ya gane cewa a fadar da rai ke rataye a kan fushin mutum guda, mai gaskiya ba shi da tabbacin kwana, kuma shiru ma magana ce.

Ba kuwa mata kaɗai wannan ya shafa ba, manyan ma'aikata ma haka. Chu Suiliang, babban jami'i kuma mashahurin gwanin rubutu, ya fito fili ya ƙi yarda da naɗin Wu, aka rage masa muƙami, aka yi ta tura shi lardi bayan lardi har can kudu mai nisa, inda ya rasu a cikin 658. Zhangsun Wuji, kawun Sarki ne, da hannunsa aka ɗora Gaozong a kan gado, duk da haka a cikin 659 aka kore shi, aka tilasta masa ya kashe kansa. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin yadda takardar canjin wurin aiki ke zama bulala, ba ya bukatar dogon bayani.

Sai dai akwai abin da ya kamata ɗalibai musamman su kiyaye. Masu wasan da kansu sun sauya sunaye, jarumar ma Wu Yuanzhao su ka kira ta, alamar cewa ba su ɗauki alkawarin bin tarihi sau da ƙafa ba. Kuma wasan kwaikwayo yana son mai kallo ya ƙaunaci jarumarsa, balle wasan da ya ce kai ne ita. Wanda ya yi sa'o'i yana kuɓutar da ita daga makirci, da wuya ya yarda ita ma ta ƙulla nata. Alhali kuwa a cikin 686 ita ce ta sa aka kafa akwatin tagulla na karɓar ƙorafi da tsegumi, aka buɗe ƙofa ga 'yan rahoto, azzaluman masu bincike irin su Lai Junchen da Zhou Xing su ka hallaka mutane masu yawa, har da 'yan gidan sarauta. Ita ɗin ce kuma ta ƙarfafa jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ta ɗaukaka mutanen da ba 'ya'yan manyan gidaje ba, ta kafa jarrabawar hafsoshin soja a cikin 702, ta kuma riƙe waziri mai faɗa mata gaskiya kamar Di Renjie. Duka biyun nata ne.

Littattafan ma ba a rufe ido a kansu. Labarin da ya fi kowane ɓata mata suna shi ne wai ta shaƙe jaririyar da ta haifa, ta ɗora wa uwargida Wang laifi. Cikakken bayanin wannan, da yadda aka shiga ɗaki da yadda aka fita, yana cikin Sabon Tarihin Tang da aka kammala a cikin 1060 da kuma babban littafin Sima Guang na 1084, watau bayan kamar shekara 400 da aukuwar abin, kuma malaman da su ka rubuta su mutane ne da ke ganin mulkin mace saɓon tsarin duniya ne. Har yau masana na gardama a kai. Mai karanta littafi yana iya dakatawa ya tambaya, wa ya faɗa, yaushe, don me? Mai wasa kuwa ya ga fuska, ya ji murya, da yatsansa ma ya sa abin ya faru, shakka ba ta da wurin shiga. Wannan ne haɗarin da na fi jin tsoro, ya fi ɓata lokaci da cin batir da iyaye ke kuka da su. Shawarar da zan ba ɗalibi ita ce ya yi wasan in ya samu, ya more shi, amma in ya ajiye na'ura ya nemi littafi ya ga inda aka ƙara gishiri.

A cikin 705, tana da shekara 80 da 'yan kai, ga ciwo, waɗansu manyan fadawa su ka yi mata juyin mulki su ka mai da ɗanta Zhongzong a kan gado, daular Zhou da ta kafa ta ƙare, sunan Tang ya komo. Kafin shekarar ta fita ta rasu. An binne ta tare da mijinta Gaozong a Qianling, arewa maso yamma da birnin Xi'an na yanzu. A bakin hubbaren akwai manyan allunan dutse biyu. Na mijin an cika shi da rubutun yabo. Nata kuwa, mai tsawon fiye da mita 7, haka aka kafa shi ba ko harafi ɗaya. Rubuce-rubucen da mai ziyara zai gani a jikinsa yau, baƙi ne da su ka zo bayan ɗaruruwan shekaru, a zamanin daulolin Song da Jin, su ka sassaƙa nasu.