'Yan Mazan Jiyan Indoshin Da Aljeriya: Yaƙin Wa Suka Je Yi?

Daga wakilinmu a Wagadugu

Duk wanda ya tashi a Zangon Wagadugu, wato unguwar Zangwetin, kafin a rushe ta a shekarar 2003, ba zai rasa tuna irin waɗannan dattawa ba. Za ka gan su da hantsi a bakin masallaci ko a rumfar mai shayi, wani da tsohuwar rigar kaki da ta koɗe, wani da jar dara, wani kuma babu abin da ke nuna shi soja ne in ban da yadda yake miƙe wuya idan zai gaisa da mutum. Masu jin Faransanci na ce musu ansiyen kombatan, 'yan'uwanmu na Nijeriya kuwa 'yan mazan jiya suke kiran irinsu.

Akwai ɗaya a layinmu, Bamoshe ne daga wajajen Kaya, ya auri Bahaushiya ya zauna a Zango har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Mu yara Baba kawai muke ce masa. Yana da wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado wadda ko matarsa ba ta taɓawa, a ciki akwai littafin aikinsa na soja, da lambobin yabo guda uku, da hoton wasu samari tsaye a gaban gonar shinkafa. Idan aka tambaye shi labarin Indoshin yakan ba da shi har da dariya: ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku masu shan jini a ƙafa, da kwanakin da suka yi a jirgin ruwa suna amai. Amma da zarar an ambaci Aljeriya sai ya ɗauki butarsa ya ce lokacin alwala ya yi, ko da kuwa ƙarfe goma na safe ne. Sai da na girma na fara aikin rediyo sannan na fahimci abin da butar nan take nufi.

Idan mai karatu bai manta ba, yaƙin Indoshin an yi shi ne daga 1946 zuwa 1954, a ƙasashen da yanzu ake kira Biyetnam da Lawos da Kambodiya. Ho Chi Minh ya yi shelar 'yancin kan Biyetnam ran 2 ga Satumba 1945, Faransa kuma, wadda ita kanta ba ta daɗe da fita daga hannun Jamus ba, ta ce ba ta san zancen ba. A watan Nuwamba 1946 jiragen ruwanta suka yi wa garin Haifong ruwan wuta, daga nan aka shiga shekara takwas ana gwabzawa. Gwamnatin Faransa ba ta yarda ta tura samarinta masu aikin sojan dole can ba, don ta san iyayensu ba za su lamunta ba, saboda haka sai ta dogara ga sojojin albashi da na ƙasashen da take mulka. Kimanin baƙaƙen fata 60,000 ne daga Afirka suka taka wannan ƙasa kafin a gama. Ƙarshen abin shi ne Diyen Biyen Fu, inda dakarun Janar Giap suka yi wa sansanin Faransa ƙawanya daga 13 ga Maris zuwa 7 ga Mayu 1954 har ya faɗi. Ko wata shida ba a cika ba, ran 1 ga Nuwamba 1954, sai wuta ta tashi a Aljeriya, aka kwashi da yawa daga cikin waɗanda suka tsira aka nufi can da su, ba a tsagaita ba sai a watan Maris 1962.

To me ya kai ɗan Kaya ko ɗan Tugan can? Masu kare Faransa kan ce ai yawancin waɗanda suka je Indoshin da hannunsu suka sa wa takarda yatsa, ba a ɗaure kowa da igiya ba. Haka ne, amma a dubi abin da ke gaban saurayin wancan zamani. Sai a watan Afrilu 1946 aka soke aikin tilas, wanda ya kwashi dubban mutanen wannan ƙasa zuwa gonakin Kwaddibuwa da aikin hanyar jirgin ƙasa. Harajin kai yana nan, ga dokar 1919 da ta sa ana zuwa ƙauyuka kowace shekara ana ɗibar samari aikin soja na shekara uku. Wanda ya gama shekarunsa uku, in ya koma gida fartanya ce ke jiransa, in ya ƙara sa hannu kuwa akwai albashi da alkawarin fansho bayan shekara 15. Kakanninsu ma ba da son rai suka fara ba. A 1915 da 1916 mutanen yankin Dedugu da kewaye sun ɗauki makamai saboda ƙin a kwashi 'ya'yansu zuwa yaƙin Turai, aka ƙone garuruwa da dama kafin a murƙushe su.

A ganina, yaƙin da aka yi da Hitila ana iya samo masa hujja, ko da yake ladan da aka biya wasu shi ne harsashi a barikin Tiyaroy kusa da Dakar ran 1 ga Disamba 1944, lokacin da suka nemi kuɗinsu. Amma Indoshin da Aljeriya fa? Mutanen da aka tura su kashe abin da suke nema shi ne abin da mu ma muka yi bikin samu ran 5 ga Agusta 1960. 'Yan Biyetnam sun san da haka, shi ya sa suke watsa takardu suna kuma magana ta lasifika da dare, suna tambayar sojojin Afirka abin da ya haɗa su faɗa. A Aljeriya abin ya fi ciwo ga Musulmi, domin ƙauyen da aka ce ka kewaye da asuba, kiran salla za ka ji yana tashi daga cikinsa. Ita kanta Faransa ba ta yarda ta kira abin da aka yi a can da sunan yaƙi ba sai a 1999, kafin nan kwantar da tarzoma take cewa. A 2001 Janar Aussaresses ya rubuta littafi ya amsa da bakinsa cewa an azabtar da mutane an kuma kashe fursunoni. Aljeriya na cewa ta rasa mutum miliyan ɗaya da rabi, masana tarihin Faransa na kawo adadin da bai kai haka ba, amma ko a lissafinsu dubu ɗaruruwa ne.

Ban faɗi wannan don in tozarta dattawan nan ba. Soja ba shi ke zaɓen inda za a kai shi ba, kuma da yawansu sun dawo sun yi wa ƙasa aiki. Janar Sangoulé Lamizana, wanda ya shiga sojan Faransa a 1936 ya kuma yi Indoshin da Aljeriya, shi ya jagoranci kafa rundunar sojan ƙasar nan, ya mulke ta daga 1966 zuwa 1980, ya rasu a 2005 mutane na ganin girmansa. Kanar Saye Zerbo da ya hamɓarar da shi, shi ma ya yi yaƙoƙin biyu. Haka Janar Seyni Kountché na Nijar. Wani abin lura, ranar da ake bikin kafa rundunar sojanmu, 1 ga Nuwamba, ita ce ranar da Aljeriya ke bikin fara yaƙin ƙwatar 'yancinta. Su kuma 'yan kasuwarmu da ke bin hanyar Sinkase zuwa Lome, su tuna cewa a Togo ƙin ɗaukar irin waɗannan sojoji da suka dawo ne ya jawo juyin mulkin 13 ga Janairu 1963, inda aka kashe Shugaba Sylvanus Olympio, kuma Eyadéma na cikin waɗanda suka yi shi.

Batun fansho

A nan ne ɗan kasuwa zai fi gane zaluncin, domin magana ce ta ciniki da aka canza wa farashi bayan an karɓi kaya. A watan Disamba 1959, da Faransa ta ga ƙasashenmu na shirin samun mulkin kai, sai ta yi doka ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da ta mulka. Abin da aka yanka maka a lokacin, a kansa za ka tsaya, na abokin aikinka Bafaranshe kuwa yana ta hawa kowace shekara. Ka ɗauka mutum biyu sun yi dakon kaya iri ɗaya daga Bitu zuwa Puytenga, ɗaya ana biyansa da farashin bana, ɗaya da na shekara arba'in da suka wuce. Kafin gyaran da aka yi, tsohon sojan da yaƙi ya naƙasa gaba ɗaya yana karɓar kusan yuro 690 a wata in Bafaranshe ne, 230 in ɗan Senegal ne, 61 kacal in ɗan Maroko ne.

Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, shi ya kai ƙara, babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati a Faransa ta ba shi gaskiya ran 30 ga Nuwamba 2001, alhali ya riga ya rasu tun 1996. Duk da haka sai aka yi ta jan ƙafa. A 2002 aka ɗan ƙara wani abu wai daidai da tsadar rayuwar kowace ƙasa. A 2006, bayan fitowar fim ɗin Indigènes, Shugaba Chirac ya sa aka daidaita wani ɓangare daga Janairu 2007. Sauran sai da kotun tsarin mulki ta yi hukunci a watan Mayu 2010 sannan aka daidaita daga Janairu 2011, shi ma wani kaso sai wanda ya rubuta takardar nema. A 2023 ne aka yarda 'yan tsirarun da suka maƙale a Faransa saboda kuɗin tsufa na yuro 950, wato sefa dubu 623 da 'yan kai, su koma gida su ci gaba da karɓa, bayan sun shekara da shekaru ana tilasta musu zaman wata shida a can kowace shekara. Mutum tara suka sauka Dakar a watan Afrilu 2023, dukansu sun haura 80.

Waɗanda ke shiga Gana ta Faga sun san 'yan Ingila ma ba su yi abin kirki ba. Tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu sun yi jerin gwano a Ankara ran 28 ga Fabrairu 1948 don neman haƙƙinsu, aka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, kuma har yau Gana na tunawa da su kowace shekara.

Wanda yake da shekara 20 ranar da Diyen Biyen Fu ta faɗi, yau ya haura 90. Waɗanda suka rage ba su da yawa, sai matansu da 'ya'yansu, kuma da yawa daga cikin iyalan nan ba su san abin da ke rubuce a takardun da iyayensu suka bari ba. Ga wanda littafin sojan mahaifinsa ya ɓace, bayanan aikin ƙananan sojojin da suka yi wa Faransa aiki suna ajiye a ma'ajiyar takardun soja da ke garin Pau, ana rubuta musu da cikakken suna da shekarar haihuwa da lambar soja in an san ta. A gidan rediyonmu mun sha karanta wa mata irin waɗannan takardu, wata ta zo da su a ƙulle cikin ɗankwali, gara ta cinye rabin shafin da ke ɗauke da lambar.

Baban layinmu bai ga ko ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan na baya ba. Na taɓa raka shi ofis sau biyu ina riƙe masa jaka, duka biyun aka ce ya dawo wani wata. Da aikin ZACA ya tashe mu, shi da iyalinsa suka koma bayan gari, bai cika shekara biyu a can ba Allah Ya yi masa rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Kwanakin baya na haɗu da ƙaramin ɗansa yana sayar da kayan babur, na tambaye shi akwatin nan ta ƙarfe. Ya ce tana nan, lambobin yabon ma suna ciki, littafin ne dai ba su gani ba tun ranar da aka loda kaya a amalanke.