Jinyar Tsoho Mai Ciwon Daji Bayan Ya Komo Gida

Maganarmu ta yau a kan tsofaffinmu ce, waɗanda ciwon daji ya kama, watau sankara. Mutanen Boɗinga da Shagari, in an ga alamar ciwon nan, a kan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Can a ke ɗaura musu wani magani mai ƙarfi ta jijiya, wanda likitoci ke kira kemo. Sau da yawa a kan yi shi ne bayan kowane mako 3. Yini ɗaya a asibiti, kwana 20 a gida. Kun ga ashe yawancin jinyar a hannunku ta ke.

Ga yadda maganin ke aiki. Yana kashe ƙwayoyin ciwon, amma yana haɗawa da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun da ke tsare jiki daga cuta. Sun fi raguwa tsakanin kwana 7 da kwana 14 bayan ɗaurin magani. Tsoho kuwa da ma ƙarfinsa ya ragu, ƙodarsa ba ta fid da magani da sauri kamar ta saurayi.

Saboda haka ku riƙe wannan da kyau. In jikin Baba ko Inna ya yi zafi, ko ya kama makyarkyata, kada ku ce zazzaɓin sauro ne ku sayo ƙwaya a kanti. Ƙwayar ta kan sauko da zafin jiki, cutar kuwa tana can tana cin jini, har ta kashe mutum kafin kwana biyu. Ku ajiye ma'aunin zafi a gida. In ya nuna 38, ku nemi mota nan da nan, ko da tsakar dare ne, ku tafi da katinsa na asibiti. Haka kuma in amai ko zawo ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, ko jini na fita ta hanci ko dasashi, ko tsoho ya fara ruɗewa.

Sa'an nan ku tsare kanku. Kwana 2 na farko, wani lokaci har mako guda, maganin yana fita cikin fitsari da bayan gida da amai. Mai kwashewa ya sa safar hannu ta roba, ya zuba a masai ya rufe, ya wanke hannu da sabulu. Tufafin da suka ɓaci a wanke su dabam. Mace mai ciki ko mai goyo kada ta yi wannan aiki. In ƙwaya aka ba shi, kada a daka ta, a kuma ɓoye ta daga jikoki. Amma ciwon kansa ba a ɗaukarsa, kada ku guji tsohonku.

A ba shi tafasasshen ruwa a kai a kai, balle da bazara. Abinci kaɗan kaɗan, mai ɗumi, kamar kunu da dafaffen ƙwai. Nonon da ba a dafa madararsa ba, a dakata da shi. In bakinsa ya yi gyambo, ya riƙa kurkurewa da ruwan gishiri. Mai tari da yaro mai ƙyanda su yi gaisuwa daga ƙofa. Kada wanzami ya yi masa ƙaho ko tsaga, domin jinin ba ya tsayawa da wuri. Duk maganin da ya ke sha, na hawan jini, na suga, har jiƙo da sassaƙe, ku nuna wa likita.

Daga ƙarshe, in kumburi ya ragu, kada ku ce an warke ku fasa komawa. Ranar da aka rubuta a kati, lalle ku kai shi.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.