Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

Duk baƙon da ya sauka gidanmu a Daura, kafin gajiya ta sake shi sai ya ce a kai shi rijiyar Kusugu. Na raka mutane ba adadi. A zura guga a janyo, baƙo ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla ya kurɓa, ya shafa saura a fuska, wani har ya nemi gora ya ɗura ya kai wa iyali tsaraba. Ni kuwa ɗan gari sai in koma gefe ina duba agogo, ina cewa a raina, ruwa ne fa kawai. Sai a daminar bara na gane cewa abin da nake yi wa Kusugu shi nake yi wa matar da ke gidana.

Labarin rijiyar ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Bayajidda ya shigo gari da dare, ya sauka wurin tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce masa babu, domin macijin nan mai suna Sarki ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya ari guga ya nufi rijiya da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sare kan macijin. Daga nan sai aurensa da Magajiya Daurama, sai haihuwar Bawo, sai Hausa Bakwai. Labari ya bi sarauta ya tafi, ya bar rijiya a baya.

Ni kuwa abin da nake yawan rayawa shi ne abin da ya biyo baya a bakin rijiyar. A makon farko na tabbata an yi guɗa, kowace mace ta cika tulu ta koma ta ƙaro. Bayan shekara guda fa? Ina jin an koma jan guga ana hirar tsadar gero, ana faɗa a kan wadda ta riga wata zuwa. Ruwan bai canza ba. Samunsa kullum ne ya rage masa daraja a ido.

Zance shi ne Juma'ar saurayi. Lokacin da nake neman auren matata, sau ɗaya a mako aka yarje mini zuwa. Tun la'asar nake goge kekena, in fesa turare, in isa bayan isha'i. A shimfiɗa mini tabarma a zaure, ƙanwarta ta kawo ruwa a kwanon sha, sannan ita ta fito tana jan gyale, ta durƙusa daga nesa ta ce, "Sannu da zuwa." Kalmomi uku ke nan, amma su nake tauna har wata Juma'ar. In na koma ɗaki sai in sa kaset ɗin Haruna Uji, mutumin Haɗeja, gurminsa na kuka yana kiran Jummai, ni kuma ina jin kamar da bakina yake magana. Ruwan da ƙanwarta ke kawowa daga randar gidansu ne, ba zuma a ciki, amma har yau ban sha mai daɗinsa ba.

Aka biya sadaki, aka shafa fatiha, aka kawo amarya. Maciji ya mutu ke nan, rijiya ta buɗe Asabar da Lahadi da sauran ranakun Allah. "Sannu da zuwa" ɗin da nake yi wa tanadin mako guda ta koma abin da ake ce mini kowace yamma, ina amsawa da "yauwa" idona na kan waya.

In ka lura, waƙoƙinmu na soyayya kusan duk na masu jiran Juma'a ne. Daga zamanin Uji har zuwa su Umar M. Shareef da Hamisu Breaker da ke tashi a wayoyin samari da shagunan masu caji, zancen ɗaya ne: bege, rashin barci, iyaye sun hana, Allah Ya nuna mana ranar. Da an kai amarya sai waƙa ta ƙare. Ban ga laifinsu ba, ƙishirwa ce ke sa a yi wa ruwa kirari. Wanda ya ƙoshi ba ya waiwayar randa.

Randar gidana ta tuna mini da kanta lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da uwargida fiye da mako guda. Kwana biyu da kwanciyarta na ɗaga faifan randa na zura moɗa, sai na ji ta daki ƙasa, ƙwas. Ban san wane mai ruwa ne ke kawo mana ba, ban san nawa ake sayar da jarka ba. Na nemi ashana na rasa, na dafa wa yara shinkafa ta caɓe, ƙaramin ya tafi makaranta da rigar jiya. Amma abin da ya fi damuna shi ne shirun gidan. Babu ƙarar turmi da asuba, babu kacaniyar kwanuka, babu 'yar waƙar da take yi ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe. Ashe shekara da shekaru da makaɗiya nake zaune, ban taɓa yi mata kari ba.

Kiɗan cikin gida kuwa kiɗa ne na gaske. Duk wanda ya taɓa jin mata uku suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya na tashi sama ana tafi kafin a cafe ta, ya san ba hayaniya ba ce. A waƙar daka mace ke faɗin abin da kunya ta hana ta faɗa wa miji ido da ido. Ƙwaryar da ake dama fura a ciki, ita Barmani Choge ta Funtuwa da 'yan amshinta suka kife suka kaɗa har duniya ta san su, kafin rasuwarta a 2013. Mun biya kuɗi mun sayi kaset ɗinta, ta gidanmu kuwa ko sannu ba ta samu ba.

Darasin godiya kuma a nan Daura yake kwance. Alhaji Mamman Shata haifaffen Musawa ne, ya daɗe yana zaune a Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Da ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, Daura aka kawo shi aka binne, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya riƙe sarauta daga 1966 zuwa 2007. Zumuncin mawaƙi da mai kyauta ne ya kai har kushewa. Dubi yadda mawaƙin Hausa ke godiya. Ba ya cewa na gode a dunƙule ya wuce. Sai ya kira sunan mai kyauta da na mahaifinsa, ya lissafa doki, ya lissafa riga, ya ambaci mota da kujerar Makka, kalangu na tayawa, 'yan amshi na maimaitawa har kurma ya ji. Ya san yaba kyauta tukwici ne, ya kuma san godiyar da ba ta ambaci abin da aka bayar ba, rabin godiya ce.

Da na auna kaina da wannan mudu sai kunya ta kama ni. Mutum ya rage mini hanya zuwa Mai'aduwa ran kasuwar Lahadi, in yi ta zuba masa addu'a har da ta iyaye da kakanni. Wadda ta tuƙa mini tuwo dubban dare kuwa, iyakarta in ture kwano in ce miya ta yi gishiri.

Wani zai ce ai mu Hausawa ne, akwai kunya, iyayenmu ba su yi ta furta so a baki ba kuma aurensu ya yi ƙarko. Gaskiya ne ba su furta ba, amma suna da hanyarsu. Kakana ba ya tashi daga kan akushi sai ya ɗaga murya yadda za a ji daga madafa ya ce, "Allah Ya yi muku albarka." Ba ya dawowa daga kasuwa hannu biyu, ko tsire a takarda, ko goro biyu a aljihu. Ita kuma ba ta karɓar cefane, ko na kuka da daddawa ne, sai ta ce, "Allah Ya ƙara buɗi, Malam." Mu mun yar da tasu hanyar, ba mu kuma ɗauki wata ba. Laifin nan bai tsaya ga maza kaɗai ba. Akwai magidancin da ya yini cikin rana a gona ko a kan babur, ya shigo da ƙullin cefane, a karɓa ana leƙa leda ana cewa, "Iyakarsa ke nan?"

Mai rijiya a gida ya san ba a gina ta a manta da ita. In rani ya yi nisa sai an shiga an yashe, a kwaso laka da tsumman guga. In guga ya faɗa, a aro ƙugiya a maƙwabta a lalubo shi. Wadda aka bari ba yasa, ruwanta na nan a ƙasa amma yashi ya danne idon, har mai ita ya fara cewa ta ƙafe, ya soma leƙen ta wani gida. Saɓani ba ya kashe aure, tsakanin harshe da haƙori ma ana yi. Rashin yasa ne ke kashe shi.

Ranar da uwargida ta samu sauƙi ta koma madafa, na ci tuwon daren na suɗe kwano, sannan na yi irin ta Shata. Na ce sannu da aiki, na ambaci tuwon, na ambaci miyar kuɓewar, na ambaci wankin yara da randar da na tarar a cike. Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona, can ta ce, "Malam, lafiya dai ko?" Tambayar ta ba ni dariya, ta kuma nuna mini yawan bashin da ake bi na.

Mai karatu, in ka shiga gida yau aka miƙo maka ruwa, karɓe shi da hannu biyu kamar baƙon Kusugu. Ka kira abin da aka yi maka da sunansa, ka yi godiya tun mai yi na jin ka. Kada ka jira sai moɗa ta daki ƙasan randa.