Siminti Ba Bushewa Yake Yi Ba, Ruwa Yake Sha

Duk wanda ya je Daura ya san rijiyar Kusugu, inda tarihi ya ce Bayajida ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Har yau tana da ruwa. Amma sau da yawa ƙungiya takan tara kuɗi ta ɗaure rijiya da siminti, kafin damina biyu bakinta ya tsage. Ba kullum ne laifin simintin ba. Yawanci rashin sanin halinsa ne.

Ɗalibai masu koyon aikin injiniya, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sukan koyi wannan a ɗakin gwaji. Mu ma muna iya koya a gindin bishiya ranar taron ƙungiya.

Da farko, da me ake yin siminti? Ana niƙa dutsen farar ƙasa da yumɓu, a gasa su da wuta mai zafin awo 1,450, sa'an nan a sake niƙawa da ɗan wani dutse mai hana shi saurin kamawa. Wani magini a Ingila, Joseph Aspdin, shi ya yi rajistar simintin da ake kira Portland a 1824. Masana'antar Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979.

Gwaji na ɗaya. A daka ɓawon ƙwai, a matsa masa lemun tsami. Za a ga ƙananan kumfa. Ɓawon ƙwai da dutsen farar ƙasa asalinsu ɗaya, kuma iskar da ke fita ita ce wuta take kora daga dutsen a masana'anta. Abin da ya rage yana da ƙishirwa ƙwarai.

Gwaji na biyu. A kwaɓa siminti zalla a gwangwani, a nannaɗe da tsumma. Bayan 'yan sa'o'i a taɓa, za a ji ɗumi. Wato ruwa da siminti suna haɗuwa su zama sabon abu, wanda ke fitar da ƙananan saiwoyi da ido ba ya gani, su riƙe yashi da tsakuwa. In ruwa ya ƙare, saiwoyin sun daina tsiro.

Gwaji na uku. A buga bulo biyu daga kwaɓi ɗaya. A bar ɗaya a rana, ɗaya kuma a rufe da jiƙaƙƙen buhu, ana yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7. Sa'an nan a kankare gefen kowanne da ƙusa. Na rana zai yi ta zubar da gari. Injiniyoyi sukan auna ƙarfin kankare a kwana 7 da kwana 28, domin a hankali yake ƙosawa.

Gwaji na huɗu. A zuba yashi a kwalba, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye. Laka za ta kwanta a kan yashin. Idan kaurinta ya kusa kashi 1 cikin 10, a wanke yashin ko a nemi wani.

To, ga abin da za mu riƙe. Don zoben rijiya, a auna kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Buhu mai kilo 50 ya ishe shi da ruwa kamar lita 25, in yashin busasshe ne. Kada a tsinka kwaɓi don sauƙin aiki, gama ruwan da ya yi yawa yakan bar ramuka a ciki. A rage ruwa wajen kwaɓi, a yawaita shi bayan an zuba, musamman da hunturu. Buhunan kuma a jera su kan katako, nesa da laima.

Kafin ku sayi siminti bana, ku yi gwajin bulon nan a gaban kowa. Gani ya kori ji.